Akori-kurar Kawu Mai Shan Mai

A shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, ina da rumfar kanikanci a wajen Ƙofar Dawanau, dab da badala. Rumfar kwano ce da rami ɗaya na shiga ƙarƙashin mota, sai benci da akwatin sifanu. Shekaruna talatin da 'yan kai a lokacin. Bangon gari duk ya cika da hotunan 'yan takara, rana ta koɗar da su, kuma wahalar fetur ba ta gama sakin mutane ba. Yau a samu a gidan mai, gobe a wayi gari da layi, sai dai mutum ya koma wurin 'yan bumburutu da galan-galan ɗinsu a bakin titi. Shi ya sa duk wanda motarsa ta fara shan mai fiye da ƙima, ba ya daɗewa bai zo wurin irinmu ba.

Wata safiya cikin bazara kawuna ya shigo da akori-kurarsa. Yayan mahaifiyata ne, gidansa a Sheshe, kakanninsu daga Barno suka zo tun ba a san da mota ba. Ya haura sittin, dogo, mai 'yar furfura a haɓa. Ya yi tuƙin babbar mota zuwa kudu shekaru masu yawa, da ya gaji da doguwar hanya sai ya sayi wannan akori-kurar, tun zamanin farar hular da aka yi kafin wannan. Da ita yake kwasar rinannun kaya daga marinar Ƙofar Mata zuwa gidajen bugu, sau biyu a mako kuma ya je kasuwar Dawanau ya ɗauko wa masu awo na cikin gari buhunan gero da dawa. Bayan motar ya rine da shuni, har ba a gane asalin fentinsa.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa yana kallon fuskata, sannan ya daki bonet da tafin hannu.

Ya ce, "Injiniya, tsohuwar nan ta koyi zari. Man da nake kwana uku da shi, yanzu kwana biyu ba ya kaiwa."

Tun ina koyon aiki yake kirana Injiniya, da farko don tsokana, daga baya sunan ya bi ni.

Na ce, "Tun yaushe, Kawu?"

Ya ce, "Eh, duba ta dai."

Na ɗauka hankalinsa ne a wani wuri, ban sake tambaya ba.

Maigidan da ya koya mini aiki ya hana ni saurin taɓa kafireto. Kullum yakan ce mu fara da abin da ido ke gani. Don haka na shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar, na bar ta tana aiki, na bi bututun mai da yatsa tun daga tanki har inji. Babu ɗigo ko ɗaya. Na duba tayoyi, na baya biyu iska ta yi musu ƙaranci, na tura wa mai faci na kusa da ni ya ƙara. Na ɗaga kowace ƙafa da jak na juya ta da hannu, ko birki na riƙewa, duk suka juya sumul. Matatar iska kuwa, da na buɗe ta, ta toshe da ƙaiƙayin gero da zaren tufa, har da wata busasshiyar fara. Inji in bai sami iska ba, mai yake ja a madadinta. Na wanke ta na shanya.

Sai na kwance fulogai huɗun na jera su a benci. Dukkansu baƙi ƙirin, busasshen baƙi irin na gindin tukunya. Na zaro sandar auna baƙin mai na shinshina, warin fetur ya bugi hancina. A nan na tabbata kafireton na zuba mai fiye da abin da injin zai iya ƙonawa.

Kawu na zaune a benci yana jan carbi, idonsa a kan hannuna. Na sauke kafireton, na buɗe shi a cikin faranti. A cikinsa akwai wani ɗan ƙoƙon tagulla rufaffe da muke kira fulot, wanda ke yawo a saman mai. In man ya cika sai ya taso ya toshe hanya, in ya ragu ya sauka. Da na ɗauke shi na ji ya yi nauyi. Na girgiza shi a kunnena, na ji mai na motsi a ciki. Ya huje ke nan, ya sha mai ya nutse, hanya kuma ta zauna a buɗe.

Na ji daɗi irin na wanda ya kama ɓarawo da hannunsa. Na kai shi kusa da kunnen Kawu na girgiza.

Na ce, "Ka ji shi?"

Ya dubi bakina, ya ce, "Na ji, na ji."

Na karɓo ruwan zafi a wurin mai shayi na tsoma fulot ɗin. 'Yan ƙananan kumfa suka fara fitowa daga gefen haɗinsa, hujin bai kai bakin allura ba. Na tsiyaye man, na bar shi a rana ya bushe, na kai wa mai gyaran lagireto ya ɗiga masa dalma kaɗan, don in ta yi yawa wani nauyin ne kuma. Kafin azahar na mayar da komai, na canza baƙin mai, na daidaita silo har injin ya kwanta yana numfashi a hankali. Hayaƙin salansa ya washe.

Mitar motar ta daɗe da mutuwa, ba ta nuna gudu ba ta ƙirga tafiya, don haka na yi awon da na iya. Na cika tanki har baki, na tuƙa ta da kaina zuwa kasuwar Dawanau na dawo, sannan na sake cikawa da galan ina lura da abin da ta ci. Ta ci daidai abin da mota mai shekarunta ya kamata ta ci. Na miƙa wa Kawu makulli, ya sa mini albarka ya tafi.

Bayan kwana tara sai ga babban ɗansa a kan babur. Sa'ana ne kuma abokin wasana, ma'aikaci a sakatariya, kullum da biro a aljihun gaba. Bai ko sauka ba ya fara.

Ya ce, "Kai dai an yi asarar kuɗin koyo. Motar da ka ce ka gyara tana nan tana shan mai kamar raƙumi."

Na ce, "Kai da ko sarƙar babur ɗinka ba ka iya ɗaurewa, me ka sani?"

Ya yi dariya, sannan ya sauko ya zauna, fuskarsa ta canza. Ya ce an sami sauƙi kaɗan, amma kaɗan ne. Shi a ganinsa ɗayan biyu ne: ko dai wani na zuƙe man a lungu inda ake ajiye motar, ko kuma injin ya gama yayi. Har ya sayo kwaɗo ya sa wa murfin tanki, maƙwabta sun gani, wasu sun ji haushi. Ya ce shi dai so yake a sayar da ita, Baba ya huta, ga gwamnati ta canza, ana maganar gyara albashi, zai iya riƙe gidan.

Maganar kwaɗon ta dame ni. Lungun nan na san shi tun ina yaro, mutanen da ke cikinsa tare suka tsufa da Kawu. Na ce ya ba ni kwana biyu.

Da aka kawo motar na sake kwance fulogai. Wannan karon ba baƙi ba ne, sun yi ruwan ƙasa mai haske, yadda ake so. Fulot na nan a bushe. Na sake yin awona na zuwa Dawanau, ta sake cin abin da ta ci a baya. Na tsaya ina kallonta. A hannuna lafiyarta ƙalau, a hannun mai ita tana zari. Abu ɗaya na lura da shi sabo: haƙoran kik, na'urar tayar da inji, sun ci, irin cin da suke yi in ana murɗa makulli alhali inji na aiki. Direban da ya shekara arba'in a kan sitiyari ba ya yin wannan.

Ranar Laraba da sassafe na je Sheshe. Hajiya, matar Kawu, ta ba ni koko da ƙosai a tsakar gida. Na ce mata zan bi Kawu Dawanau in ji kukan motar da kaya a bayanta. Ta dube ni ɗan lokaci, ta ce, "To, Allah ya kiyaye hanya." Da Kawu ya fito daga ɗaki, na ga ta taɓa hannun rigarsa kafin ta yi masa magana, ta kuma tsaya a gabansa sosai.

Muka shiga mota. Ya murɗa makulli, inji ya tashi, amma bai saki ba sai da kik ya yi ƙara mai ban tsoro. Sannan ya ɗora tafin hannunsa a kan sitiyari, kamar mai taɓa goshin mara lafiya, ya gyaɗa kai. Muka fita daga lungu a giya ta ɗaya, ya sa ta biyu, muka bi ta cikin gari a haka, ban damu ba don hanyar a matse take da masu kura da 'yan makaranta. Muka fita ƙofa, titi ya buɗe, na jira ya sa ta uku. Bai sa ba. Ya dai ƙara taka totur. Injin ya ɗauki kuka har ƙarfen ƙofa na karkarwa, motar kuma ba wani gudu take ba. Sai can da nisa ya sa ta uku, ta huɗu kuwa bai taɓa ta ba har muka isa. Wata bas ta biyo mu tana ta hon, bai kauce ba sai da ta zo daidai tagarsa ya gan ta, ya ɗan firgita.

Na juya fuskata wajen taga, na ce da murya daidai, "Kawu, tsaya, taya ta fashe."

Bai ko motsa ba. Yana kallon hanya, hannu biyu a sitiyari.

A kasuwa ya tsaya gaban rumfar dillalinsa, ya fita ya bar injin na aiki. Masu dako suka ɗauki fiye da rabin awa suna loda buhuna, motar na tsaye tana ƙona mai. Na miƙa hannu na kashe ta. Da ya dawo ya ɗora hannu a bonet, ya ji shiru, ya leƙo ya dube ni. Ina jin a nan ya san na gane.

Akwai wata darbejiya a bayan rumfunan, muka zauna a gindinta a kan wani buhun da ba kowa. Na matso na fuskance shi yadda na ga Hajiya ta yi.

Na ce, "Kawu, motar lafiyarta ƙalau."

Ya ce, "Na sani."

Ya murza carbinsa ya ci gaba. Ya ce tun zazzaɓin da ya kwantar da shi a daminar bara abin ya fara. Kunnen hagu ya tafi gaba ɗaya, na dama kuma kamar an cusa masa auduga, kullum ƙara toshewa yake. Ya ce shi duk tuƙinsa da kunne ya yi shi. Bai taɓa kallon mita ba ko lokacin da take aiki, inji ne ke gaya masa lokacin canza giya. Yanzu in ya sa babbar giya motar sai ta yi laushi, ba ya jin ta a jikinsa, sai ya riƙa tsoron ko ta mutu a tsakiyar titi bai sani ba. A ƙaramar giya kuwa tana karkarwa, yana jin ta a kujera da tafin ƙafa. Haka in ya kashe ta ya sake murɗa makulli, ba ya sanin ta tashi ko ba ta tashi ba, shi ya sa yake barinta.

Na ce, "Wa ya sani?"

Ya ce, "Hajiya. Sai kai yanzu. A masallaci mutumin da ke gefena nake kallo, in ya sunkuya in sunkuya." Ya ɗan yi murmushi, sannan ya ce, "Kada ka gaya wa ɗan'uwanka. Yaron kirki ne, amma ranar da ya ji, ranar zai karɓe makullin. In na zauna a zaure, me zan yi? Ko hirar ba ji zan yi ba."

Bas ɗin nan da ta zo tagarsa tana raina, da 'yan makarantar da muka ratsa a cikin gari. Kuma mutumin nan shi ya kai ni wurin maigidana da hannunsa lokacin da mahaifina ya rasu, ya ce a koya mini sana'a. Ban taɓa gaya masa abin da zai yi ba.

Na ce, "Ba zan faɗa ba. Amma ina da roƙo biyu. Ka bar mini motar gobe. Jibi kuma mu je a duba kunnen."

Ya ce, "Kunnen tsufa ai ba ya gyaruwa."

Na ce, "Kai ka kawo mini mota ka ce in duba, ba ka ce tsufa ba ne. Bari su ma su duba."

Ya yi dariya kaɗan, ya ce to. Da za mu koma ya zagaya ya shiga ɗaya gefen da kansa, ya bar mini sitiyari.

Washegari na shiga wurin masu sayar da tsofaffin kayan mota na samo wayar mita, na ɗaura, allura ta motsa karon farko cikin shekaru. Na fita titi ina canza giya da kunnena ina kallon inda allurar take, na dawo na ɗiga jan fenti a wurare uku a kan gilashin: nan giya ta biyu, nan ta uku, nan ta huɗu. Na gyara 'yar jar fitilar caji da ta ƙone, wadda ke mutuwa da zarar inji ya tashi, don ya riƙa gani da ido. Na canza kik. Na ɗaura manyan madubai irin na bas a gefe biyu.

Asibiti kuwa mun sha zama. Tun hantsi muke kan benci har bayan azahar, Kawu na ta cewa mu tafi, kayan marina na jiransa. Likitar da ta duba shi mace ce mai haƙuri, tana magana tana fuskantarsa ba tare da an gaya mata ba. Ta ce na hagu zazzaɓin ya taɓa jijiyarsa, ba abin da za ta iya. Na dama kuma datti ne ya daskare a ciki ya toshe, ga kumburi a bayansa. Ta ba shi maganin ɗigawa na mako guda, ta ce mu dawo a wanke.

A cikin makon nan na riƙa binsa duk fitar da zai yi, na rufe rumfata da safe. Koyon bai zo masa da sauƙi ba. Allura za ta kai jan ɗigo, hannunsa ya tafi kan giya ya tsaya. Sai in taɓa gwiwarsa, ya canza, ya ɗan ɗaga kafaɗa yana jiran motar ta mutu. Ba ta mutu ba. A rana ta huɗu ya sa giya ta huɗu da kansa a hanyar Dawanau, ya dube ni ta gefen ido. Man da muka zuba ranar Asabar ya kai mu Talata.

Ɗan'uwana kuwa ba ni na gaya masa ba. Ranar da za mu koma asibiti ya zo gaishe su kafin ya wuce ofis, ya tarar da Hajiya na ɗiga wa Kawu magani a kunne, ni kuma ina zaune. Ya tambaya, sai Kawu ya tashi zaune ya faɗa masa komai da bakinsa. Ɗan'uwana na tsaye da makullin babur a hannu. Abin da ya fara cewa shi ne, "Shekara guda, Baba? Ni ina ta ɗaga murya ina cewa ba ka son maganata ne." Sai ya fita. Na ɗauka fushi ya yi, ashe lungu ya shiga ya cire kwaɗon nan daga murfin tanki. Ya aika ofis cewa ba zai shigo ba, ya bi mu asibiti. Daga baya na ji ya bi maƙwabta gida-gida ya ba su haƙuri.

Maganar sayar da mota ba ta mutu a ranar ba, an yi ta ja har damina ta yi nisa. A ƙarshe aka tsaya a kan cewa Kawu zai ci gaba da kayan marina a cikin gari da rana, hanyar Dawanau kuma ya bar wa wani direban unguwarsu ranakun hatsi. Bai so ba, amma ya yarda. A haka ya ƙara shekara uku yana tuƙi, sannan ya ajiye don kansa.

Ranar wankin kunnen, da muka fito, ya tsaya a bakin ƙofar asibitin ya rufe ido, ya ce garin ya cika surutu. Ni na tuƙa, shi a gefena, ɗan'uwana a baya kan babur. Mun kusa Ƙofar Mata ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Rage gudu. Mene ne wannan ke ƙyas-ƙyas?"

Na saurara, ban ji komai ba. Na ce ƙila kwanon baya ne.

Ya karkato kunnen dama wajen inji, ya ce, "Ba kwano ba ne. Daga gaba ne, ɓangarenka. Tsaya ka buɗe."

Na tsaya a gefen marina, marina biyu suka ɗago daga bakin karofi da hannuwansu shuɗi suna kallonmu. Na buɗe bonet na bi da hannu. Ƙusar da ke riƙe da murfin matatar iska ce ta kwance, tun ranar da na wanke ta ban ɗaure ta sosai ba. Na ɗauko sifana a ƙarƙashin kujera na ɗaure, na rufe, muka ƙarasa gida Hajiya na jiranmu da abinci.